Azara Tana Ƙarewa: Shawara Game Da Katakon Gicciye

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da makarantun ƙauye ya san irin takardun da ke zuwa ofis da zarar hadarin farko ya taso. Wannan hedimasta ya rubuto iska ta yaye kwanon aji biyu, wancan ya ce rufin ofis ya lotsa, wani kuma ya ce gara ta cinye katakon da ke riƙe da kwano, yana tsoron kada ya rufto wa yara. A kan aika da kafinta ya gyara, a biya shi, baɗi war haka kuma a sake. Akawun da ke rubuta takardar biya shi ya san abin da wannan ke ci na kuɗi, malamin aji kuwa shi ya san kwana nawa yara suka yi a gindin itace. Saboda haka ne muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wani irin katako da injiniyoyin Turai da Amurka suka shafe fiye da shekara talatin suna bincike a kansa, kana mu faɗi ra'ayinmu game da ko zai amfane mu, musamman mutanen yammacin Katsina, irin su Karare da sauran garuruwan da ke gefen dajin Rugu cikin ƙasar Batsari da Safana.

Kafin mu je Turai bari mu fara da gida. Kakanninmu sun yi rufi da azara, watau gangar jikin giginya da aka tsaga gida-gida. Magina sun fi son namijin giginya, kuma bayan itacen suke nema, gama nan ne ƙarfin yake, cikinsa taushi gare shi. Azara tana da kyawawan halaye biyu: gara ba ta cika damunta ba, kuma ba ta saurin ruɓewa cikin ƙasa. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar rufi in tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kamar ƙafa 6. Wannan shi ya sa ɗakunan soro na dā suke da ƙunci. Amma magina ba su tsaya nan ba. Sun riƙa fito da azara daga cikin bango kaɗan kaɗan, wata bisa wata, don su rage tazarar. Sun riƙa gitta ta a kusurwa, su jera wata a kai ta wata fuska dabam, kana su shimfiɗa zana su zuba ƙasa. In ana son babban zaure sai a ɗaure azara da igiya, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya haɗu a tsakiya.

Wanda yake so ya ga iyakar abin da wannan dabara ta kai, sai ya je Zariya ya dubi abin da ya rage na tsohon masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. A Katsina ma ga tsohuwar Kwaleji da aka buɗe a 1922, inda aka horar da malaman farko na makarantun Arewa, da ƙasa da azara aka gina ta. In ka ɗaga kai a irin waɗannan gine-gine za ka ga azara jere, wani layi ya nufi gabas, wani ya gitta shi. Masu karatu su riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Yau azara ta yi wuya, ta yi tsada. Giginya itace ce mai jinkirin girma, sau da yawa wanda ya shuka ba shi ke sara ba, ɗansa ne. Mun sare manya, ƙananan kuwa mun tone su tun suna muruci mun dafa mun sayar a tasha. A ƙasar Gaya ta Jamhuriyar Nijar, wajen Dallol Mauri, inda kurmin giginya yake, sai da hukuma ta haɗa kai da mutanen ƙauyuka aka sa ƙa'idar sara kafin a tsai da ɓarnar. Mu kuwa muka koma ga kwano da katakon da manyan motoci ke kawowa daga kudu. Yawancinsa ɗanye ake yanko shi, ɗanye ake sayar da shi, ɗanye kafinta ke buga masa ƙusa. In ya sha hunturu ɗaya sai ya bushe ya ƙanƙance ya murɗe, ƙusa ta yi sako-sako cikin raminta. Iskar farkon damina ba ta da sauran aiki sai ta ɗaga.

To, mene ne wannan katako na Turawa? Suna taƙaita sunansa da haruffa uku, CLT. Mu za mu kira shi katakon gicciye, domin sunan ya bayyana yadda ake yin sa. Kowace mace mai faskare ta san itace yana tsagewa da sauƙi in an bi tsawonsa, amma yana gardama in an sare shi a gicciye. Dalili shi ne jijiyoyin itace duk fuska ɗaya suka nufa, kamar damin kara. Ta tsawon jijiya itace yana da ƙarfi ƙwarai, ta faɗinta kuwa rarrauna ne. Haka kuma wajen bushewa: daga ɗanye zuwa busasshe sarai, falanki ya kan ragu a faɗinsa da kamar kashi 6 zuwa 10 cikin 100, amma a tsawonsa ragin bai kai rabin kashi ɗaya ba. Dabarar ita ce a jera falankai gefe da gefe su zama shimfiɗa ɗaya, a shafa gam, a jera wata shimfiɗar a kai a gicciye, a sake shafa gam, a jera ta uku ta bi fuskar ta farko. A kan yi hawa 3, ko 5, ko 7, kullum mara, domin fuskar sama da ta ƙasa su daidaita kada allon ya lanƙwashe. Kowane hawa yana riƙe ɗan'uwansa, ya hana shi tsagewa, ya hana shi kumbura da ƙanƙancewa yadda ya ga dama. Masaƙin tabarma ba zai yi mamakin wannan ba, haka ma wanda ya taɓa ganin filawud, wanda ake yi a Sapele tun kafin mulkin kai. Bambancin shi ne filawud da siraran ɓawon itace ake yin sa, wannan kuwa da falankai masu kaurin inci ɗaya ko ɗaya da rabi.

Aikin yana da sharuɗɗa, kuma a cikinsu ne wahalar take. Sai an busar da falankin cikin ɗakin zafi har ruwan da ke jikinsa ya sauko zuwa kamar kashi 12 cikin 100. Sai an tantance kowane falanki, an yanke inda yake da kulli ko ruɓa. Gajerun da suka rage a kan fere bakinsu kamar yatsun hannu, a cusa na wannan cikin na wancan da gam, su zama dogo guda. Sa'an nan a goge fuskokin su yi sumul, a shafa gam daidai gwargwado, a danne da babban injin matsi har ya kama. Allon da ke fitowa ya kan kai faɗin ƙafa 10, tsawo kuwa ƙafa 50 ko fiye. Tun a masana'anta inji mai bin umurnin kwamfuta ke yanke gurbin ƙofa da taga. A wurin gini sai a ɗaga shi da inji a tsayar, ya zama bango sukutum, ko a kwantar ya zama daɓen bene, a ɗaure da dogayen sukurori da maƙalai na ƙarfe. Nauyinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar ne na kankare mai girmansa.

A ƙasashen Ostiriya da Jamus aka fara wannan aiki a farkon shekarun 1990. Wani injiniya mai suna Gerhard Schickhofer ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kansa a jami'ar fasaha ta birnin Graz a 1994, kuma binciken da aka yi a wannan jami'a shi ya zama tushen ƙa'idodin lissafin ƙarfinsa. A 2009 aka gama wani gida mai hawa 9 a unguwar Hackney ta birnin Landan, hawa na ƙasa kankare, takwas na sama duk katakon gicciye, kafintoci huɗu suka tsai da shi cikin kwana 27 na aiki. A 2019 mutanen Norwe suka buɗe wani gini na katako mai hawa 18 a garin Brumunddal, tsayinsa mita 85, watau wajen ƙafa 280. A 2022 aka gama wani a birnin Milwoki na Amurka mai hawa 25, wanda ya ɗara shi da 'yan ƙafafu. Sai dai a yi hattara da masu talla. Ginin Norwe manyan ginshiƙansa wani irin haɗin katako ne dabam wanda ba a gitta shi, na gicciyen a wajen matakala da ramin lif aka fi sa shi. Na Amurka kuwa gindinsa da cibiyarsa kankare ne.

Dogayen benaye ba su ne damuwarmu ba, ba mai neman hawa 18 a Karare. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne yadda injiniyoyin suka ƙi yarda da komi sai sun gwada. A 2007 masu bincike na Italiya suka kai gida mai hawa 7 na wannan katako ƙasar Japan, suka ɗora shi bisa wani ƙaton dandamali mai jijjiga a garin Miki, aka girgiza shi da irin ƙarfin girgizar ƙasar da ta rushe birnin Kobe a 1995. Gidan bai faɗi ba. A 2023 aka sake irin wannan gwaji da gini mai hawa 10 a San Diego ta Amurka. Abin da aka koya shi ne allon kansa da wuya ya karye, wurin haɗi ne ke ba da kai, watau sukurori da maƙalan da ke ɗaure bango da ƙasa. Mu ba mu da girgizar ƙasa irin tasu, iska muke da ita, amma darasin ɗaya ne. Rufin makarantunmu ba ta tsakiyar katako yake rabuwa ba, ta inda aka ɗaure shi da bango yake tashi.

Game da wuta, wadda ita ce kowa ke fara tambaya, an ƙona alluna da yawa a ɗakunan gwaji. Katako mai kauri ba ya ci kamar kara. Bayansa ya kan zama gawayi, gawayin ya kare cikin, wutar ta riƙa shiga a hankali, kamar inci ɗaya da rabi cikin sa'a guda. Injiniya sai ya ƙara kaurin allon daidai da lokacin da ake so mutane su samu su fita. Amma gwajin ya tona wani asiri. Waɗansu irin gam suna sakin jiki in sun ji zafi, sai hawan da ya ƙone ya ɓare ya faɗo, wuta ta sami sabon itace ta sake tashi. Wannan ya sa a 2018 Amurka da Kanada suka tsananta ƙa'idarsu game da gam. A cikin shekarar nan kuma, a wani gini da ake yi wa sashen koyon aikin daji na jami'ar jihar Oregon, wani allon daɓen bene ya rabu ya rufto, aka bincika aka tarar gam ɗin bai kama sosai ba tun daga masana'anta, aka canja alluna masu yawa. In haka ta faru a ƙasar da ke da masu duba aiki a kowane mataki, masu karatu su auna abin da zai faru in ɗan kwangila ya haɗa nasa a bayan kasuwa da gam ɗin gyaran kujera.

Yanzu sai mu zo ga ƙasarmu. Abokin gaba na farko gara ce. A ƙasashen da aka ƙago wannan katako sanyi ya hana gara zama, itacen da suke amfani da shi kuwa mai taushi ne, dangin fayin. Gwaje-gwajen da aka yi a wurare masu ɗumi sun nuna gara tana cin sa sarai in ba a sa masa magani ba, har ma tana bin tsakanin falanki da falanki ta yi hanya inda ido ba ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, allon gicciye kuwa tun daga masana'anta yake da 'yan tsagogi. Ana iya jiƙa falankin da magani kafin a manne shi, amma waɗansu magungunan suna hana gam kamawa, waɗansu kuma ruwa yana wanke su. Garar Turai da ta Amurka ba irin tamu ba ce. Sai an binne guntayensa kusa da suri a ƙasar Katsina, an tono bayan shekara, kafin wani ya buɗe baki ya ce ya san abin da zai faru.

Na biyu hunturu. An ce a busar da falanki zuwa kashi 12 cikin 100 domin haka iskar cikin gidajen Turai take. A nan kuwa, cikin watan Janairu da Fabrairu, iska ta kan bushe har katako ya sauko zuwa kashi 5 ko ƙasa da haka, a watan Agusta ya sake shan danshi ya haura 14. Duk malamin da ƙofar ajinsa ke ƙin rufuwa da damina, ta kuma yi sako-sako da rani, ya ga wannan da idonsa. Gittawar tana hana allon duka motsi, gaskiya ne, amma ƙarfin da aka danne bai ɓace ba, yana nan yana ja a kan gam, shekara da shekaru. Ko gam zai jure wannan ja da saki na shekara ashirin, tambaya ce da ba za a amsa ta a Graz ba.

Na uku shi ne mafi girma: ina itacen? Turawa sun ƙago katakon gicciye ne domin itace ya yi musu yawa. Kusan rabin ƙasar Ostiriya daji ne, abin da ke tsirowa kowace shekara ya fi abin da ake sarewa, kuma masu injin tsaga katako suna neman abin da za su yi da falankan gefe marasa daraja. Mu namu akasin haka ne. Dattawan ƙasar Ruma suna ba da labarin Rugu da duhunsa da namun dajinsa, da marke da ƙirya da maɗaci da kanya. Gatari da gawayi da noma da yawan kiwo sun rage shi ƙwarai. A waɗansu sassan Nijeriya an ga abin da kasuwar waje ta yi wa madobiya cikin 'yan shekaru, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da dokar duniya ta tsare cinikinsu tun daga 2017. Saboda haka muna faɗa da babbar murya, duk wanda ya zo da maganar kafa masana'antar katako da niyyar ciyar da ita daga Rugu, a sallame shi tun daga zaure. Haka kuma wanda zai ce a sayo alluna daga Turai a jirgin ruwa, a jawo su mil ɗari bakwai ko fiye daga Ikko, don a yi ajin firamare. Wannan almubazzaranci ne.

Duk da haka ba mu ce a rufe littafin ba, kuma ga dalilinmu. Babbar fa'idar wannan dabara ita ce tana mai da ƙaramin itace babba. Ba ta bukatar gungumen da ya shekara ɗari. Gajeren falanki, siriri, wanda kafinta zai raina, in an bushe shi an haɗa bakinsa an gitta shi, ya shiga cikin allo mai ɗaukar nauyi. Irin wannan itace kuwa muna iya shuka shi. Ma'aikatan gandun daji sun gwada itacen turare a Afaka kusa da Kaduna, sun shuka malaina da tik a Nimbiya tun shekarun 1950, an kuma kafa tashar binciken itatuwan ƙasar Arewa a Samaru ta Zariya cikin shekarun 1960. A jihar Katsina aikin shuka itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa daga 1987 ya bar layukan dogon yaro da turare masu tare iska a arewacin jihar. A Afirka ta Kudu masu bincike na jami'ar Stellenbosch sun yi allon gicciye da wani irin turare, sun auna ƙarfinsa, ƙasar kuma ta fitar da ƙa'idarta ta yin sa. Turare yana da halin tsagewa da murɗewa in yana bushewa, kuma irin wanda ya fi yawa a wajenmu ya fi nasu tauri da nauyi. Dogon yaro dangin maɗaci ne, gara ba ta cika son sa ba, amma gangarsa gajera ce, ba ta cika miƙewa ba. Malaina tana da sauƙin aiki, tana karɓar gam, sai dai tana jinkirin bushewa, kuma ta fi son inda ruwa ya fi na Batsari yawa, kamar kudancin jihar wajen Funtuwa. Kowannensu da aibinsa, kowannensu kuma ya cancanci a gwada shi.

A ganinmu kuma ba bango ya kamata a nema daga wannan katako ba. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana, ya sake shi da dare, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar a watan Afrilu sa'ad da ajin bulo da kwano ya zama tanda. Katako yana tare zafi, amma ba ya ajiye sanyin dare kamar ƙasa. Ƙasa kuwa muna da ita kyauta, da maginan da suka san ta. Inda muka gaza shi ne sama, wurin da azara ta bari. Allo mai hawa 5 yana iya haye tazarar ƙafa 16 ba tare da ginshiƙi ba, kusan ninki uku na azara. In aka sa babban katako guda ko biyu a tsakiya, ya rufe aji. Rufi ne mai nauyin da iska ba za ta ɗauka kamar kwano ba, ba ya ƙara in ana ruwa har malami ya yi shiru, ba ya kuma zubo zafi a kan yara. Sharaɗinsa shi ne kada ruwa ya kwanta masa. Lalle a rufe bayansa da abin da ruwa ba ya ratsawa, a karkata shi, a sa indararo mai kyau, gama katakon da ya jiƙe ya kasa bushewa ruɓewa zai yi komi yawan hawansa.

Mun san abin da wani zai ce. Mutanen da suka kwana a daji saboda 'yan bindiga, waɗanda aka ƙone musu rumbuna, ina ruwansu da binciken katako? Maganar tana da nauyi. Ƙasar Batsari da Safana ta ga tashin hankali mai tsanani, musamman daga 2019, kuma ba wanda ya manta da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe cikin Disamba 2020 aka shiga daji da su. Makarantu da yawa na gefen dajin sun zauna a rufe, ginin da ba kowa a ciki kuwa gara da ruwa ne ke gadonsa. Amma wannan shi ne dalilin da ya sa maganar ta zama ta yanzu. Za a sake gina azuzuwan nan, da kuɗin jama'a, ko an yi shawara ko ba a yi ba. In ba a yi ba, za a maimaita ɗanyen katako da kwano mai kaurin takarda. Har wa yau dajin da hukuma ta janye ma'aikatanta daga cikinsa, wanda mutanen gefensa ba su da wani amfani na halal da suke tsammani daga gare shi, shi ne ke zama mafakar ɓarayi.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. Akwai Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya a Ibadan, akwai Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi da aka kafa a 1978, akwai Jami'ar Ahmadu Bello da sassanta na injiniya da zanen gini. A cikin jiha ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, maƙwabciyar Safana, ga Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Gwamnatin jiha ta haɗa biyu ko uku daga cikinsu, ta ba su aiki ɗaya bayyananne: su yi ƙananan alluna da malaina da turare da dogon yaro, su danne su har su karye su rubuta nauyin da ya karya su, su jiƙa su su busar sau da yawa su ga ko gam zai saki, su ba gara ta ɗanɗana. Ƙaramin allo ba ya bukatar babban inji, akwai hanyar matsi da ake zuƙe iska daga cikin jakar roba, wadda ƙananan masana'antu suka yi amfani da ita a Turai. In sakamakon ya yi kyau, a rufa aji ɗaya tak, a harabar kwalejin horon malamai ta Dutsin-ma, inda idon masana zai kasance a kansa. A bar shi damina biyar. Ɗalibai su riƙa auna zafin cikinsa da na ajin kwano da ke kusa, safe da azahar, su rubuta a littafi. In ya gaza, an yi hasarar aji ɗaya, an kuwa san dalili. Kada a yi bikin buɗewa, kada a ba da kwangilar guda ɗari kafin na farkon ya ga hunturu.

Kafin nan akwai abin da ke hannun masu karanta wannan jarida. Akawun da ke shirya takardar kwangila a ƙaramar hukuma yana iya sa sharaɗi cewa katakon rufi ya zama busasshe, an sa masa maganin gara, kuma a ɗaure shi da ƙarfen da aka dasa cikin bango, ba da waya biyu da aka lanƙwasa a kan bulo na ƙarshe ba. Akwai ɗan ƙaramin awo mai allura biyu da ake soka wa katako ya nuna yawan ruwan da ke cikinsa, ya kan shiga aljihu, kuɗinsa bai kai na bandir ɗin kwano ba. Kowane sashen ayyuka ya kamata ya mallaki guda, mai duba aiki kuma ya ƙi sa hannu in awon ya nuna ɗanye ne. Rabin ilmin katakon gicciye ilmin busarwa ne da na ɗauri, wannan rabin kuwa ba sai mun jira masana'anta ba.

Malamai kuma su dubi arewa da mu. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, manoma suka fara barin tohon kututturen da ke gonakinsu, suna rage rassan su bar ɗaya ko biyu su girma, maimakon su sare duka lokacin sharar gona. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar, a ƙasar da ba ta kai tamu samun ruwa ba. Abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba mai kama shi in ya sare reshe. Makarantar da ke da fili tana iya kewaye shi da layi biyu na dogon yaro, kowane aji da nasa layin da zai yi wa ban ruwa da kariya daga awaki. Turare kuwa a nisanta shi da rijiya da gonakin mutane, gama yana da shan ruwa. Inda akwai fadama ko bakin rafi, hedimasta ya nemi izinin mai gari a binne ƙwallon giginya ko da hamsin ne, a kuma yi yarjejeniya da yara da iyayensu cewa waɗannan ba na muruci ba ne.